Kafin Ka Kwance Famfo: Nasiha Ga Matasan Gareji

Ranar Lahadi, idan kasuwar Mai'aduwa ta ci ta fara watsewa, za ka ga tireloli sun jeru an yi musu lodin shanu da raguna, sun fuskanci Kudu. Daga nan sai Daura, sai Kazaure, sai Dambatta, sai Kano, wata ta nufi Legas, wata Fatakwal. A irin wannan jeri ba a rasa wadda direbanta ya tayar ya bar ta tana ɗumi, sai a ji ƙugin injin yana hawa yana sauka shi kaɗai, alhali ba wanda ya taɓa totur. Wata kuma kan motar ne gaba ɗaya ke kaɗawa, madubai na rawa, salansa na tari. Direba mai hankali ba zai shiga tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a haka ba, ga rayuka a bayansa, domin idan mota ta mutu a daji da lodin shanu, yini ɗaya na bazara ya isa ya jawo asarar da za a daɗe ana jinyarta. Sai ya aika a kira bakanike. Sau da yawa kuma maigida yana kan wani aikin, yaronsa zai turo.

Da kai nake, ƙanena, kai da ke koyon gyaran manyan motoci a Daura ko Zango ko Baure, da kai karen mota mai burin riƙe sitiyari wata rana, da kai ɗalibin injiniyanci da hannunka bai taɓa baƙin mai ba tukuna. Abin da ya fi cutar matasa a wannan sana'a shi ne saurin yanke hukunci. Yaro bai gama sauka daga babur ba, ya jiyo ƙarar inji daga nesa, sai ya ce, “Oga, famfo ne,” ko “Nozul ne.” Ya faɗa ne don a ce ya iya. To famfo da nozul su ne mafi tsada a duk hanyar da mai ke bi, kuma ba a gindin bishiya ake gyara su ba. Kana furtawa ka ɗora wa mai mota kuɗin kwancewa, da kuɗin kai su Kano, da kwanakin da mota za ta yi a ajiye ba ta kawo ko sisi. Sai an dawo an ɗaura, an tayar, an ji ciwon na nan inda yake, sannan a gano ashe wata 'yar washar tagulla ce ta saki. Wannan kuɗi na wani bawan Allah ne, kuma da bakinka ka kashe shi.

Ka fara da sanin yadda injin yake rayuwa. Injin gas ba shi da fulogi, ba shi da kafireto. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta ɗau zafin da idan aka fesa mata gas zai kama da kansa. Tun injin da Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897, haka abin yake. Saboda haka gudun inji yana hannun yawan man da aka fesa masa ne. Idan mota tana sulo, juyin injin yana wajen 600 a minti, kuma man da kowace silinda ke samu a bugu ɗaya ɗan ɗigo ne. Shi ya sa ƙaramar matsala take ɓuya a kan kwalta ta bayyana a tsaye. A tsofaffin injuna akwai gwamna a gindin famfo, wasu ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa suna ja-in-ja da sifirin: juyi ya yi ƙasa ya ƙara mai, ya yi sama ya rage. A sababbi kwamfuta ce ke wannan aiki. Idan mai ya yanke na ɗan lokaci, juyi ya faɗi, gwamna ya buɗe hanya, man ya dawo da yawa, juyi ya zarce, gwamna ya sake matsewa. Hawa da saukar da kake ji ke nan. Gwamnan aikinsa yake yi, mafi yawan lokuta abin da ake kawo masa ne ba ya zuwa daidai.

Daga nan za ka iya raba ciwon biyu, kuma wannan rabo shi ne rabin aikin. Idan injin gaba ɗaya ne ke hawa da sauka, ka nemi abin da silinda shida suka yi tarayya a kansa: tanki, tiyo, filta, ƙaramin famfon da ke janyo mai, gwamna, wuta. Idan kuwa juyin yana wuri ɗaya amma da ɗingishi a cikinsa, irin wanda muke cewa mota tana misin, to wata silinda ce ba ta ɗaukar rabonta, sai hankalinka ya koma kan nozul ɗinta, da bawul, da matsin fistin. Akwai kuma abin da ba ciwo ba ne sam. Kwamfiresa idan ta kama tana cika tankin iskar birki, sautin inji kan canza kaɗan, ta saki ya dawo. Haka fanka idan ta kama. Wani lokaci ma injin lafiyarsa lau, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu, sai girgizarsa ta haye cikin kan mota. Ka tsaya minti biyar kana saurare, idonka a kan allurar geji, hannunka babu sifana. Ba wanda zai ce ka yi lalaci.

Sannan ka yi tambaya, kuma ka iya yin ta. Direban da ya haife ka ba za ka tsare shi da tambayoyi kamar mai tuhuma ba. Ka gaishe shi, ka ce, “Baba, yaushe ta fara yi maka haka? A ina kuka sha mai na ƙarshe? Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗau zafi? Idan tanki ya cika tana yi, ko sai ya yi ƙasa? An taɓa wani abu a jikinta kwanan nan?” Kowace amsa tana rufe maka wata ƙofa ta buɗe wata. Motar da ta fara bayan shan mai a wani ƙauye ta riga ta faɗa maka inda za ka duba. Wadda ba ta yi sai tanki ya sauka ƙasa da rabi, bututun da ke zuƙo mai a cikin tankin ne ake zargi da tsagewa. Wadda ta kwana ta ƙi tashi da safe sai an yi ta bugun famfon hannu, mai ne yake zurarewa ya koma tanki cikin dare. Idan ka gama da direba, ka ja karen mota gefe. Shi ne ke buɗe tanki, shi ne ke riƙe jarka, shi ya san ranar da aka canza filta da ranar da aka wanke tsohuwa aka mayar. Abin da maigidansa ya manta, ko yake jin nauyin faɗa, a wurinsa za ka ji.

Yanzu ka bi man daga inda ya taso. A nan zan daɗe, domin a nan yawancin ciwon yake.

Daga tanki zuwa ƙaramin famfo, zuƙo man ake yi, ba tura shi ake ba. Ka tuna yadda shan lemo yake da tsinken roba mai huji a gefe: kana ja, rabi lemo rabi iska, kuma ko ɗigo ba ya zuba ta hujin. Haka wannan sashe yake. Tiyo zai tsage, washa za ta saki, robar filta za ta murɗe, famfon hannu zai tsufa, duk su riƙa shan iska ba tare da ka ga jiƙewa ko kaɗan ba. Yaro ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ko'ina a bushe sai ya ce layin mai lafiya. Ido ba ya ganin wannan yoyo. Ka sami farin tiyo mai nuna ciki ka saka shi kafin famfo, ka tayar, ka zuba ido. Idan kumfa na wucewa, ka kama ɓarawon, saura gano ƙofar da yake shiga. Sai ka riƙa matsar da tiyon baya gaɓa-gaɓa zuwa tanki, har inda kumfar ta ɓace. Tsakanin nan da inda ka baro, a nan hujin yake.

Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi, kuma ina mamakin yadda ake tsallake shi. Ka cika galan mai tsabta da gas ɗin da ka amince da shi, ka zura tiyon shiga da na dawowa a ciki, ka fitar da iska, ka tayar da inji daga galan ɗin. Idan ya zauna daram, ka wanke famfo da nozul daga zargi cikin rabin awa, matsalar tana tanki ko layinsa ko man da ke ciki. Idan ya ci gaba da hawa da sauka, ka san ba a baya take ba, sai ka matsa gaba da hujja a hannunka.

Kada ka raina murfin tanki. Yana da 'yar kafar shaƙar iska, domin man da ya fita dole iska ta maye gurbinsa. Ƙurar hanya kan toshe ta, wasu kuma su naɗa leda a ƙarƙashin murfin don kada mai ya fantsalo. Tanki sai ya riƙe numfashi, famfo na ja yana ja. Ka buɗe murfin inji na aiki. Idan ka ji ya zuƙi iska, sautin injin ya daidaita, ka gama. Ka haska tocila cikin tankin kuma. Tsumma da leda da suka faɗa ciki sukan yi yawo su manne a bakin bututu, mota ta shaƙe, a kashe ta su saki, a tayar ta tafi kamar ba komai. Tankunan da ake ƙarawa a wurin masu walda don doguwar tafiya sukan zo da tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe, su yi ta kashe filta ɗaya bayan ɗaya.

Shi kansa man abin tuhuma ne, musamman a ƙasarmu ta bakin iyaka. Daga Daura zuwa Kwangwalam ba nisa, ƙetare kuma ga Matamaye da Damagaram, inda matatar SORAZ ke tace mai tun 2011. Mai yana ƙetarawa ta kowane ɓangare gwargwadon inda farashi ya karkata, a jarkoki da durom-durom. Lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Mai'aduwa da maƙwabtansu sun ga yadda jama'a suka koma hannun 'yan bumburutu. Ban ce duk mai sayar da mai a jarka macuci ba ne, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Amma jarkar da ta ɗauki fetur jiya ta ɗauki gas yau, da duron da ya kwana a buɗe cikin damina, ba su san tsoron Allah ba. Ka tsiyayo mai daga gindin filtar da ke raba ruwa zuwa cikin farar gora, ka ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙuru-ƙuru. Idan ka ga baƙin yauƙi, ruwan ya daɗe a tanki har ƙwayoyin halitta sun yi gida a cikinsa, kuma canza filta kaɗai ba zai yi magani ba sai an sauke tankin an wanke. Ka shinshina, ka murza tsakanin yatsu. Gas na gaskiya yana da santsi, kuma da wannan santsin famfo da nozul ke samun maiƙon da suke aiki da shi. Wanda aka gauraya da kananzir ya fi tsinkewa, yana cin ƙarfen famfo a hankali, har ranar da mota za ta fara wahalar tashi da ɗingishi duk lokacin da ta ɗau zafi.

Ga kuma farar wuta. Sababbin motocin da ake kawo mana daga Turai an ƙera su ne don man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna gas ɗin da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, har da Mali da Ghana da Benin, ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa. Irin wannan mai yana saurin lalata baƙin mai, yana tara dauɗa a bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji a motocin da ke da shi. Bawul ɗin idan ya maƙale a buɗe, inji na shaƙar hayaƙinsa a sulo, dole ya yi tari.

Filta kuwa, ka sayi ta kirki, kuma kada ka cika sabuwa da man jarka ta tsakiyar ramin kafin ka ɗaura. A yawancinsu wannan rami ɓangaren da aka riga aka tace ne, duk abin da ka zuba ta nan kai tsaye zai wuce. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce cikin nozul. Filtar iska ma ka duba ta, ko da yake ita ta fi kawo baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi fiye da hawa da sauka. A hunturunmu takan cika da wuri, masu hura ta da iskar kwamfiresa mai ƙarfi kuma sukan yaga takardar ba su sani ba. Hayaƙi dai yana magana: baƙi, mai ya fi iska yawa, fari mai yaji a ido, gas ne da bai ƙone ba, fari mai kama da tururi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ga lagireto na cin ruwa, ka zargi gasket, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Idan duk wannan ya wanku, sai a zo kan silinda, kuma a nan dole ka san wace irin mota ce a gabanka. Howo da yawa da ke kan hanyoyinmu suna ɗauke da injin WD615, wanda asalinsa na kamfanin Steyr ne na Ostiriya, kamfanin da ya taɓa harhaɗa motoci a Bauchi. Irin waɗannan, da tsofaffin MAN da Mercedes, famfonsu dogo ne mai bututu shida a jere. A kansu ana iya sassauta notin bututu a kan nozul kaɗan, a rufa masa tsumma mai kauri, a saurara. Silinda mai lafiya idan ka yanke mata mai, inji zai ƙara ɗingishi. Wadda ka sassauta sauti bai canza ba, dama ba ta aiki. Ko a nan kada ka yi gaggawa. Ka musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. Ciwo ya bi nozul, ka sami mai laifi. Ya tsaya inda yake, sai ka auna tazarar bawul, ka gwada matsi, don bawul ɗin da aka ɗaure fiye da kima ko ringin da ya mutu ba ruwansu da sabon nozul.

Amma ka ji ni da kyau, ƙanena: wannan dabara ba ta sababbin injuna ba ce. DAF XF da yawa kowace silinda da ɗan famfonta, kwamfuta ke ba shi umarni. Sababbin MAN da ire-irensu kuwa bututu ɗaya ne ke tara mai ya rarraba wa nozul duka, kuma matsin da ke cikinsa kan kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na bar, alhali tayar tirela ba ta wuce 8 ko 9 ba. Siririn feshi daga irin wannan bututu yana huda fata ya shige nama. Raunin zai yi kama da tsirar ƙaya, yaro ya goge ya ci gaba da aiki, kwana biyu hannu ya kumbura, wani har a kai ga yanke yatsa. Kada ka sassauta shi inji na aiki, kada ka nemi yoyo da tafin hannu, ka kara kwali. Wanda tsautsayin ya afka masa a kai shi asibiti a take, a gaya wa likita gas ne ya shiga da matsi. A waɗannan injuna da kwamfuta ake kashe silinda ɗaya-ɗaya, ko a tara man da kowane nozul ke mayarwa a 'yan kwalabe a gwada wanda ya fi zubarwa.

Wani haɗarin da nake so ka riƙe shi ne injin da ya koma shan baƙin mansa. Idan tobo ya lalace yana zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, ko gas ya tsiyaya cikin baƙin mai har ya haura alamar sanda, injin kan fara da 'yar hawa da sauka da shuɗin hayaƙi, sai wata rana ya ɗauki gudu shi kaɗai, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, don ba ta famfo yake samun abincinsa ba. Abin da ke kashe shi shi ne toshe masa iska, da faffaɗan katako a bakin bututu, ba da hannu ko tsumma ba. Saboda haka duk motar da ke hawa da sauka, ka zaro sandar baƙin mai tun da farko, ka duba ko ya ƙaru, ka shinshina ko yana warin gas.

Motar kwamfuta tana da buƙatar da tsohuwa ba ta da ita, wato wuta mai tsabta. Batir biyu ne, bolt 24, kuma idan inji na aiki ya kamata mita ta nuna wajen 28. Kan batir da ya yi gishiri, wayar da ke haɗe da shasi da ta yi tsatsa, wayar da ta gogi ƙarfe har ta fere, sansar da ke ƙarƙashin totur, sansar da ke ƙirga juyin inji da ta tara ɓurɓushin ƙarfe, kowannensu na iya sa kwamfuta ta riƙa ƙara mai tana ragewa. Masu walda a jikin shasi ba tare da cire batir da kare kwamfutar ba sun kashe da yawa. Idan aka jona na'urar bincike, ka rubuta lambobin da ta nuna kafin a goge. Kuma ka sani na'urar inda ake jin ciwo take nunawa. Idan ta ce matsin mai ya yi ƙasa, ba ta ce ka sayi famfo ba. Filtar da ta toshe da tiyon da ke shan iska duk wannan lambar za su haifar.

A nan nake jin takaicin yaran da suka bar makaranta suna cewa ai sana'ar hannu ba ta son boko. Wannan zance ya mutu tare da motocin da aka yi shi dominsu. Bakaniken da ba ya iya karanta mita, ba ya iya bin zanen wayoyi, ba ya iya rubuta lamba ya nemi ma'anarta, kullum sababbin motoci za su riƙa wuce shi zuwa Kano. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garinmu, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 ya ratsa ta Daura, kuma katafiloli da tifofin da ke irin wannan aiki duk gas suke sha. Ina so in ga ɗan gareji yana zuwa ajin yamma, in ga ɗan jami'a yana durƙusawa gaban tsohon bakanike yana cewa, “Maigida, nuna mini.” Kowannensu yana riƙe da rabin da ɗayan ya rasa. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace mota: abin da ta zo da shi, abin da ka gwada, abin da ya zama sanadi.

Za a matsa maka, wannan ba makawa. Direba na sauri, mai kaya na waya, 'yan kallo kowa da nasa hasashen. Wani zai ce ka ɗaga mata sulo kawai ta daina rawa, wani ya ce ka karya hatimin famfo ka buɗe mata mai. Ɗaga sulo rufe ciwo ne, zai fito a inda babu gareji. Buɗe mai kuma baƙin hayaƙi ne da zafin da ke cin fistin. Ka iya cewa, “Alhaji, ban gano ba tukuna, amma na tabbatar ba tanki ba ne, ba filta ba ce, saura abu biyu.” Mai mota ya fi son jin wannan a kan tabbacin ƙarya, ko da bai nuna maka a fuska ba. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka kira maigidanka, ka zayyana masa abin da ka gwada bi da bi. Ba a rage wa yaro daraja don ya tambaya.

Wani lokacin kuma, bayan duk bincike, famfon ne da gaske: sandar da ke raba mai ta fara maƙalewa, ko sifirin gwamna sun gaji, ko ƙarfen ya cinye. To ka kwance shi da ilmi. Ka juya inji zuwa alamar taimin, ka yi shaida kafin ka cire, ka wanke kewayen, ka toshe kowane rami da murfi mai tsabta, ka jera nozul da lambar silindarsu. A kai shi wurin masu injin gwaji, a gwada a gabanka ko gaban mai mota. Idan za a sayi kaya a Ƙofar Ruwa, a tafi da lambar da ke jikin tsohon, domin na Beljiyam da ya yi kama a ido ba lallai ya zama shi ba. Duk abin da ka cire ka miƙa wa mai shi, har tsohuwar filta.

Idan ka ɗaura, kada ka sallami mota don ta yi daɗin ji na minti biyu. Ka bar ta ta ɗau zafi sosai, ka kunna fitilu, ka taka birki har kwamfiresa ta kama, ka ga ko allura za ta tsaya. Ka hau tare da direba ku ɗan taɓa hanya, da lodi in da hali, ku dawo ku sake barin ta a sulo, don wata iskar ba ta fitowa sai an girgiza tanki. Ka sake bin duk notin da ka taɓa da busasshen tsumma. Sannan ka sa direba ya riƙe filtar mai guda biyu da 'yan washoshi a akwatinsa, ka nuna wa karen mota inda ake tsiyaye ruwa kowace safiya da yadda ake bugun famfon hannu har ya yi tauri. Ka gaya masa idan ya yi ta bugu bai yi tauri ba, iska na shiga ta wani wuri, kada su kashe batir da tadawa, su bi layin daga tanki, in ya gagara su kira ka.